Ranar da Ruwan Hajjo Ya Yi Baƙi

Yau kada wanda ya rubuto min "Allah sarki Zulfa." Na ga saƙonninku, na ga yadda kuka taru a kan Baffa Sumaila kuna cewa ba shi da tausayi, har wata ta ce in tattara kayana in bi saurayina. Ku dakata tukuna. A labarin nan akwai mai laifi, kuma ita ce take rubuto muku da hannunta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni jikar Hajjo mai magani ce, ta nan Malanville, bayan rumfunan albasa. Tun kafin a haife ni kakata take dafa wani ruwa da matan ƙauyen Garou masu dashen shinkafa suke zuwa nema saboda ciwon gwiwa da sanyin ƙashi. Ɓawon jar albasa ne da bagaruwa da wasu saiwoyi da ba zan faɗa muku ba ko za ku yanka ni. Ruwan Hajjo ake ce masa. Dokarsa ɗaya ce, kuma tun ina goye nake jin ta: a tukunyar ƙasa ake dafa shi, a kan gawayi, daga hantsi har azahar, kuma ƙarfe ba ya taɓa shi, ko da cokali ne.

Wata shida da suka wuce wani zazzaɓi ya kwantar da Kaka. Ta tashi, amma yanar ido ta rufe mata gani, harshenta kuma ko gishiri ba ya ji. Sai ta cire makullin ɗakin magani daga wuyanta ta rataya min, tunda ubana ya rasu kuma ni ce a gabanta. Ranar har kuka na yi don daɗi.

Sati uku na yi ina bin doka. Ku da kuke karanta ni a kan katifa ba ku san abin da ake nufi da zama gaban gawayi awa huɗu a zafin garin nan ba. Ido ya yi ja, hoda ta narke, waya tana ta haske a gefe kina kallo ba damar ɗauka don hannu duk toka. Rannan idona ya faɗa kan tsohuwar tukunyar ƙarfe da ake dafa shinkafar suna a ciki. Na ɗora ta a kan gaz, cikin minti arba'in ruwa ya nuna. Na juye shi a tukunyar ƙasa, na watsa toka a murhu don a ga alamar aiki. Ruwan ya fito baƙi maimakon ja, amma masu saye sai cewa suke yi, "Kai, bana ya yi kauri!" Ni kuwa a raina na ce dama camfin tsofaffi ne, tukunya ai tukunya ce.

Kun san me nake yi da awa ukun da na samu? Hira da Latifu.

Latifu ɗan Alhaji mai sayar da kayan moto, wato babur, ne a bakin tasha. Ya yi karatun haɗa sinadarai a Kwatano, yanzu yana bincike a kan magungunan gargajiya don ya samu babban diplom, wato digiri. Wata takwas da suka wuce ya fara sallama a gidanmu, da riga mai dogon hannu ya naɗe ta zuwa gwiwar hannu, da jaka a kafaɗa, yana neman a sammasa ruwan Hajjo ya auna. Kaka, da idonta a lokacin, ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce a cika masa kwalba.

Na'urar tasa ba ta fi sabulun wanka girma ba. Yana haɗa ta da wayarsa, sannan ya soka mata wata 'yar siririyar takarda mai layi uku baƙaƙe, irin ta masu awon suga. Sai ya ɗiga magani ɗigo ɗaya a kai. Ya ce ɗan kuran ne kaɗan, wato wutar lantarki, yake ratsa ɗigon, idan sinadarin da ake nema yana ciki sai ya amsa, amsar kuma ta fito a fuskar waya kamar layi yana hawa tudu. Tudu mai tsawo, sinadari da yawa. Shi yana kiran abin kwersetin, ni na ce masa ƙarfin albasa, har ya saba ya koma faɗin haka. Ranar farko tudun ruwan Kaka ya kusa fita daga fuskar wayar. Ya ce daga Madekali har Tumbutu ta nan yankinmu ya tara kwalabe, bai ga kamarsa ba. Yana maganar idonsa a kan waya, ni idona a kansa, daga nan komai ya fara.

To, sati biyu da suka wuce ya sayi sabuwar kwalba a rumfarmu don ya maimaita awo ya rufe bincikensa. Ina cikin yanka kuɓewa saƙonsa ya shigo.

"Zulfa, tudun ya kwanta."

"Wane tudu?"

"Na ruwan Kaka. Kusan ba komi. Kuma launin ya canza, mi ya sa shi baƙi haka?"

Wuƙar ta kusa cire min yatsa. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Abin da na tura masa shi ne: "Albasar bana ce, haka take."

"Bon, zan sake gwadawa. Wataƙila na'urar ce."

Ku dubi wannan bawan Allah. Na'urarsa ya fara zargi.

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma Latifu irin mutanen nan ne da gaskiya take yi musu ƙaiƙayi a baki. Ya tafi har shagon Baffa Sumaila, ƙanen ubana wanda aurena yake hannunsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yana ganin akwai abin da ya samu maganin, ya kamata a duba kafin mutane su farga. A tunaninsa taimako ya je yi. Baffa ya shigo gida hularsa a karkace yana huci.

"Wanga yaro ni za shi hwaɗa wa maganin uwata ba shi da ƙarhi? Da wani akwatin ashana? Shekara nawa muna ci da wagga tukunya kahin a haihe shi?"

Na ce, "Baffa, ba haka yake nuhi ba."

"Ke rufa min baki! Na ce mishi Juma'a bayan la'asar shi zo da abin nashi, shi auna gaban tsohuwa. In ƙarya ta tabbata, ko inuwar ƙofar gidan ga kada shi ƙara takawa."

Duk wannan a kunnen Kaka, tana zaune a kan tabarmarta a bakin ɗaki. Kuma kamar an shirya, washegari sai ga Rahina, wata mai dashen shinkafa daga Garou da ta fi shekara goma tana saye a wurinmu. Ta sauko daga moto tana ɗingishi, zaninta na atamfa ya ɗage ana ganin gwiwar a kumbure. Ta zauna kusa da Kaka ta rage murya, amma na ji.

"Hajjo, kada ki ji haushi. Jarka biyu na sha, ƙahwar ba ta saurara ba. Ko jikina ne ya saba?"

Bayan ta tafi Kaka ta kira ni. Ta lalubo hannuna ta ɗora a kan nata, tana shafa jijiyoyin.

"Zulfa, ba laihinki ba ne. Abin a hannu yake, kuma hannun ya mutu. Allah ya karɓi ido, ya karɓi harshe, yanzu ya karɓi wanga. Ba komi."

Wallahi na buɗe baki. Maganar ta kusa fita. Sai na tuna yadda ta rataya min makullin nan tana cewa duk cikin jikokinta ni ce ba na ha'inci, sai na haɗiye. Daga ranar ta rage cin abinci. Tuwon da take cinye malmala guda ya koma loma uku, ta ture kwano.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In zauna, in tashi, in share tsakar gida da na riga na share. Na wanke gyalena ruwan toka sau biyu a wuni ɗaya. Latifu yana ta turo saƙo: ya canza takardun awo, ya canza ruwan da yake surkawa da shi, ya ɗauko ragowar tsohuwar kwalbar da ya adana a firiji, ita tudunta yana nan, sabuwar ce a kwance. "Ban gane ba, Zulfa. Ki taya ni tunani." Ni kuma in tura masa hoton hannu biyu na addu'a. Kun ga irin matar da kuke tausaya wa.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga ɗakin magani na rufo ƙofa. Wata dabara ce ta zo min, kuma ina sane da muninta. Idan na dafa na yau a tukunyar ƙasa yadda doka ta ce, tudu zai tashi a gaban kowa. Kaka za ta san hannunta bai mutu ba, za ta ci tuwo. Asirina ya rufu. Wanda zai kwana a ciki mutum ɗaya ne, Latifu, shi ne zai zama maƙaryacin da ya ɓata sunan tsohuwa. Na ce wa kaina daga baya zan lallashe shi, zan san yadda zan yi da Baffa. Haka mutum yake yi wa kansa daɗin baki idan ya riga ya yanke shawarar cin amana.

Na hura gawayi. Awa huɗu na zauna ina fifita, gumi yana bin bayana, ina juyawa da muciyar icen da na yi wata biyar ban taɓa ba. Ruwan ya fito ja, garau, kamar shayin da bai ji madara ba, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Rabona da jin wannan ƙamshi har na manta. Na tura tukunyar ƙarfen bayan buhunan ɓawon albasa na rufe ta da tsumma.

Bayan la'asar aka shimfiɗa babbar tabarma a gindin darbejiya. Baffa ya zauna a kujerar roba da babbar rigarsa ta masallaci, shuɗiya mai aikin zare fari, yana kaɗa ƙafa. Kaka ta sa aka ɗaura mata sabon kallabi. Ni na sa doguwar riga ruwan ganye, wadda Latifu ya taɓa cewa ta yi min kyau, kuma har yanzu ban san me ya sa na zaɓe ta ba. Latifu ya iso ya yi sallama, ya cire takalmi a nesa, ya durƙusa.

"Kaka, ina wuni? Ya jiki?"

"Lahiya lau, mai akwati. Ka zo ka auna tsohuwa?"

"A'a Kaka, magani dai."

"Duk ɗaya ne. Zulfa, kawo mishi."

Na kawo kwalbar. Na ga Latifu ya kalle ta ya ɗan ɗaure fuska, amma Baffa ya ce, "Muna jira." Ya soka takarda, ya surka, ya ɗiga. Dukanmu muka zuba wa wayar ido, har Baffa da ya ce bai yarda da ita ba ya miƙo wuya. Layin ya taho a kwance, ya taho, sai ya fara hawa. Ya hau, ya hau, ya yi tsini, sannan ya gangaro.

Baffa ya ce, "Mi ke nan?"

Latifu ya ce, "Ƙarhin yana nan, Baffa. Da yawa ma."

"Da yawa!" Baffa ya miƙe tsaye yana tafa hannu. "Inna kin ji? Akwatin nashi da kanshi ya ƙaryata shi. To malam, tattara. Mun gode da ziyara. Ɗiyarmu ba ta auren wanda za shi shiga kasuwa yana kashe muna suna."

Fuskar Kaka ta buɗe, wallahi kamar an kunna fitila. Abin da na so gani ke nan, kuma na gan shi. Amma Latifu bai tashi ba. Yana juya kwalbar a hannunsa, yana magana kamar da kansa yake yi.

"Ban yi ƙarya ba. Sau goma sha ɗaya na auna. Amma wanda na auna ba wannan ba ne. Wannan ja ne, wancan baƙi ne wuluk."

Kaka ta ɗago kai.

"Mi ka ce, yaro?"

"Na ce wancan baƙi ne, Kaka."

"Baƙi kamar mi?"

"Kamar tawadar allo."

Ashe duk wata biyar ɗin nan babu wanda ya taɓa faɗin launin a kunnenta. Masu saye kauri suke cewa. Baffa ba ya leƙa jarka. Na ga murmushin ya sauka daga fuskarta a hankali. Matar da ta girma kusa da majema, ta san abin da bagaruwa take yi idan ta haɗu da ƙarfe, da shi suke rina fata baƙa. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, da idanun nan da ba sa gani. Jira take yi.

Baffa bai lura ba. "Baƙi, ja, kore, duk kanka ta shafa. Tashi."

Latifu ya cire takardar, ya naɗe igiyar na'urar, ya sa a jaka. Ya kalle ni sau ɗaya. Babu zargi a kallon, ban haƙuri ne ma, kamar shi ne ya ja min abin kunya. Ya je ya sunkuya yana sa takalmi.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ɗakin magani ba. Na ture buhunan, na kamo tukunyar ƙarfen ta kunne ɗaya, na jawo ta a ƙasa tana ƙara har tsakiyar gida, na sake ta a gaban tabarma. Cikinta baƙi ƙirin, ɓawon albasa ya bushe a gefe.

"A cikin wagga nake dahwawa," na ce. "Wata biyar. A kan gaz. Na yau kaɗai na dahwa a ta ƙasa, don tudun shi tashi."

Baffa ya koma ya zauna a kujerarsa kamar an tura shi. Latifu yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

Kaka ta miƙa hannu ta shafa bakin tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da farce.

"To, Sumaila, ka ji. Ba ƙarhi ne ya hita ba, ƙarhe ne ya shiga." Ta juya wajen ƙofa. "Mai akwati, kana nan?"

"Ina nan, Kaka."

"Abin da nake hwaɗa shekara hamsin ana ce min camhi, akwatinka ya hwaɗe shi da ɗigo guda. Ba ka yi ƙarya ba. Sumaila, ba shi haƙuri."

Baffana, wanda ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya ce, "Yaro, ka yi haƙuri," yana kallon ƙasa. Latifu ya ce ba komai, ya sa ɗaya takalmin, ya yi sallama ya fita. Bai kalle ni ba.

Na durƙusa a gaban Kaka ina kuka ina cewa ta yafe min. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta buɗe tafin hannunta kawai ta riƙe shi a buɗe. Na gane. Na cire makullin daga wuyana na ɗora mata.

"Tukunyar ba ta ƙona min rai ba, Zulfa, yarinta ce. Amma na ce miki hannuna ya mutu, kina riƙe da shi, kika bar ni." Ta sa makullin a wuyanta. "Gobe ki cika jarka da na yau ki kai Garou. Ki samu Rahina da duk wadda ta sha baƙin ruwan ga, ki hwaɗa musu da bakinki mi kika yi. Ba ni za ki ce ba, ba albasa za ki ce ba."

"Kaka, ban san gidajensu ba."

"Akwai wanda ya san su. Gida-gida ya bi yana tara kwalabe. Ki roƙe shi, in ya yarda."

Kafin magariba na tura masa saƙo mai tsawo. Na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da Kaka ta ce, na ce ko ba zai ƙara kula ni ba ya taimaka ya kai ni saboda matan nan. Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Abu ɗaya na gani da ya ɗan sanyaya min rai a yammacin: Kaka ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari, duk da ba daga hannuna ta karɓa ba.

Yanzu da nake rubuto muku safiyar Asabar ce. Ina zaune a dakalin ƙofar gida da jarka biyu a gefena, na yafa gyalen nan ruwan toka, duk moton da ya karyo kwana sai gabana ya faɗi. Minti goma da suka wuce wayata ta yi ƙara. Hoton saƙona ne ya fara turowa, wancan na "Albasar bana ce, haka take." A ƙarƙashinsa ya rubuta:

"Na zargi na'ura, na zargi takardun, na zargi hannuna, har karatuna na zarga. Ke kaɗai ce ban auna ba."

Ina cikin karantawa karo na huɗu wani saƙon ya shigo.

"Ki ɗaure bakin jarkokin da kyau, hanyar Garou akwai ramuka. Saboda Rahina zan zo."